Duron da ke juyi a bisa ɗakin ajiyarmu

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Batsari daga Runka, in an cire biki da suna da gaisuwar rasuwa, sai asibiti in yaro ya yi zazzaɓi, ƙafata ba ta wuce zaure. Ba hana ni aka yi ba. Malam, maigidana, har cewa yake, "Ki ɗan leƙa mana ki ga yadda gari ya koma." Ni kuwa in ce masa garin yana zuwa ya same ni har gida. Kuma ban yi ƙarya ba, tunda ina da taga.

Abin da muke ce wa taga wani wuri ne a katangar da ta raba mu da gidan Alhaji, maƙwabcinmu. Wata damina ce ta zaftare kan katangar a wurin, ya dawo daidai ƙirjina. Aka ce za a gyara bayan kaka, aka yi ta yin kaka ba a gyara ba. Ta nan nake hira da matar Alhaji, wadda nake kira Yaya. Ta girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yanta duk sun tashi, matan suna ɗakunansu, mazan suna Katsina da Kano, gidan daga ita sai Alhaji. Ta tagar nan garwashi yake wucewa da safe, daddawa ta tafi, kanwa ta dawo. Ranar da naƙudar autana ta tashi Malam yana gona, ta nan Yaya ta ji nishina ta zagayo da zane a hannu. Duk abin da na sani na garin nan, ta wannan ɓarakar ya shigo.

Maganar wutar lantarki kuwa, a unguwarmu waya ce kawai a bisa turaku, tsuntsaye suna hutawa. In an kawo ta yara su yi ihu, kafin ka lalubo caja an ɗauke. Muna da ɗan faifan sola, amma in damina ta kankama gari ya kwana biyu a lumshe, waya ɗaya ma ba ya cikawa. Ni kuma uwata tana Runka, kowa ya san halin da hanyar can take ciki. In ban ji muryarta da safe ba, koko ba ya wuce mini.

Wata ranar kasuwa sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, da taubashina a bayanta ya rungume wani abu shuɗi. Ɗan kawuna ne, mai walda a Safana, magidanci da 'ya'ya shida, amma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Baiwata!" ya kwaɗa kira daga zaure. "Fito ki tari ubangidanki, na kawo miki wuta."

Na leƙa na ce, "Wutar ke nan? Duron da aka tsaga biyu? Kai bawan nan, wannan ko ruwan wanke-wanke ba zai riƙe ba."

"Ba ruwa zai riƙe ba, iska zai kama."

"To ai sai ka zauna kusa da shi ka yi ta magana, ba zai taɓa tsayawa ba."

Duron roba ne irin na ajiye ruwa. Ya tsaga shi daga sama har ƙasa, ya goce ɓarin biyu, bakin ɗaya yana kallon gabas na ɗayan yana kallon yamma, ya ɗaure su a jikin wani ƙarfe da ke tsaye. Iska ta faɗa cikin wannan ɓarin ta tura shi, ɗayan ya juyo ya karɓa. A ƙasa ya sa garen keke, bel ya zagaye garen ya tafi wurin wani ɗan inji da bai fi tukunyar miya ba, daga nan waya ta tafi batir. Ya ce a waya ya ga yadda ake yi, ya yi wata biyu yana ɓata duruna kafin ya dace. Ya ce manyan nan masu fikafikai uku sai sun juya fuska sun nemi iska, wannan kuwa ko ta ina ta ɓullo nasa ce.

"Kamar ke da zance," in ji shi.

Ya so a kafa shi a bisa ɗaki. Malam ya girgiza kai. A wurinmu namiji ba ya hawa bisa haka kawai, ko yaɓe zai yi ko reshe zai sara, don daga can yana ganin tsakar gidajen mutane, makewayinmu kuma ba rufi. Sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau bisa!" ya ɗan jira mata su kintsa, sannan ya taka. Malam ya ce abin da za a riƙa hawa kullum ba ya son shi a kan maƙwabta. Aka kafa duro a tsakar gida, tsakanin rijiya da turken akuya.

Kwana bakwai bai motsa ba. Katanga ta tare ko'ina. In an ga ya juya, to akuya ce ta sosa jiki. Ni kam na samu wurin shanya ɗankwali.

Da taubashina ya dawo ya tsaya yana sosa ƙeya, ya lashi yatsa ya ɗaga sama wai yana neman iska. Dariya ta kusa kayar da ni.

Na ce, "Da kun tambayi mai shiƙa. A gidan nan iska ba ta da hanya sai ta bisa ɗakin ajiya, tsakanin bishiyar bedin can da rumbun Alhaji. In zan shiƙe gero nan nake zuwa, in taka turmi in ɗaga ƙwarya. Ko ranar da ganye ba ya motsi, can akwai 'yar kaɗan."

Ya ce, "Ashe baiwar tawa tana da amfani ban da cin tuwo."

Ɗakin ajiyar yana manne da katangar Alhaji. Saboda haka Malam ya sa hula ya zagaya ya same shi a zaure, suka gaisa har kan dabbobi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhaji dattijo ne mai kamewa, wanda ko tari zai yi sai ya gyara zama, in ana rabon gado ko sulhu a unguwa shi ake kira. Ya ce ba komai, amma a kiyaye kiran nan uku. Malam ya ce in Allah ya so.

Aka ɗora duro a bisa, a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Tun ba su gama ɗaure shi ba ya fara juyi a hannunsu. Ƙararsa ba ta da yawa, wani fuf-fuf-fuf yake yi kamar ana fifita wuta da faifai. Ba zan cika baki ba: ba ya ɗaukar fanka, dutsen guga kuwa ko a mafarki. Ƙwai uku yake kunna mana da magariba, da rediyo, da wayoyi. Amma wayata ba ta ƙara mutuwa ba. Wayar Yaya ta fara wucowa ta taga, bayan kwana biyu ta Alhaji ta biyo a naɗe cikin hankici.

Abu biyu duron yake bukata. Ruwan sama yana shiga boris ɗinsa, inda ƙarfen yake juyawa, ya fara kuka kamar ɗan tsako, sai an hau an shafa masa giris. In kuma hadari ya taso da iska mai ƙarfi, sai an hau an ɗaure shi da igiya, in ba haka ba taubashina ya ce wata rana can garin Karare za mu tsinto shi. Malam yake hawa, kuma bai taɓa fasa kira ba. Sai rana ɗaya.

Bayan azahar ne. Gabas ta yi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci, iska ta fara kwasar kwanoni, duro ya haukace yana juyi har ɗakin yana rawa. Malam ya fito da gudu ba hula, ya suri igiya ya haye tsani. Ina can ina kwashe shanya, ban tuna ba, shi ma bai tuna ba. Ya kai bisa, ya miƙe, sai na ga ya ƙame. A lokacin kuma dakan da nake ji a gidan Yaya ya tsaya cak.

Ya ɗaure duro ya sauko yana ta istigfari.

"Me ka gani?" na tambaye shi.

"Hadari."

"Malam."

"Na ce miki hadari na gani."

Ban matsa ba, don na riga na sani. Kafaɗar Yaya ta daɗe da lalacewa, ba ta iya ɗaga taɓarya sama da goshi. Alhaji kuwa ba ya shan furar saye, sai ta gida. Kusan shekara biyu ke nan, bayan azahar in unguwa ta yi tsit, nakan ji ana dakan fura a gidan, kuma ba hannun Yaya ba ne. Dakan mace yana da tafiya, taɓarya tana sauka tana tashi kamar numfashi. Wannan kuwa kamar ana kafa turke: dum, a huta, dum, a yi tari. Daga baya Yaya ta gaya mini har zanenta Alhaji yake ɗaurawa a ƙugu don kada gari ya ɓata masa wando. A haka suka haɗa ido da Malam, taɓarya tana sama.

Da la'asar Alhaji ya aiko a ba shi wayarsa, ko rabi ba ta cika ba. Washegari na ji amalanke a ƙofarsu, ana sauke bulo. Yaya ta zo taga idonta ya yi ja.

"Ya ce ran Asabar magini zai zo. Za a ɗaga katanga ta wuce ɗakin ajiyarku, tun daga zaure har makewayi. Wai mutuncin iyalinsa."

"Da tagar?"

"Da ita za a fara."

Za ka ce ai sai a zagaya ta ƙofa. To zagayawa sai an sa hijabi, an nemi takalmi, an wuce majalisar maza, an yi sallama, an zauna a tabarma kamar baƙuwa. Wa zai yi wannan don ya ce miyarsa ta kama, ko ya tambayi abin da mai rediyo ya faɗa yanzun nan? Kuma in katanga ta yi wannan tsawon, ko faɗuwa Yaya ta yi ba zan ji ba.

Malam ya je ba da haƙuri, Alhaji ya karɓe shi da fara'a ya ce ai ba komai, bulo kuma yana nan a jibge. Malam ya dawo ya ce to a sauke duron kowa ya huta. Na ce ko an sauke an riga an gani, ni kuma in koma zaman jiran rana ta fito kafin in ji uwata. Na kwana biyu ina juya abin. Ran Laraba ina tankaɗe na ce masa, "In mace ce ke hawa fa?"

"Wace macen?"

"Mata nawa gare ka?"

Malam ya dube ni daga sama har ƙasa. Ni ba ƙarama ba ce, kowa ya sani. Kuma tun da nake, abin da na taɓa hawa mafi tsawo shi ne turmi.

Na gaya wa Yaya ta kai wa Alhaji maganar. Ta dawo tana ƙunshe dariya.

"Ya ce ke ma ai idanu gare ki. Ya ce gara ma mijinki, shi bakinsa a rufe yake, ke kuwa kin fi rediyo, rediyo ana kashe ta."

Wannan ta ɗan sosa ni. Da na ji ya idar da sallar la'asar ya zauna a tsakar gida, na je gindin katanga na durƙusa, duk da ba ganina yake ba, na yi sallama. Na gaishe shi da yini, da ruwa, da gajiya. Ya amsa a taƙaice.

Na ce, "Alhaji, ni ƙaramar 'yarka ce, in na yi kuskure a yafe mini. Furar gidan nan na daɗe ina jin dakanta. Ka taɓa jin labarinta a bakin rijiya, ko a gidan suna?"

Na ji ya gyara zama.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun kafin azumin bara waccan."

"Ta ina kika gani?"

"Ban gani ba, Alhaji, ji na yi. Kowane hannu da irin dakansa."

"Mijinki ya sani?"

"Shi har yau hadari ya gani."

Ina jiran faɗa, sai na ji ya gyara murya ya ce, "To mi dakan nawa ya yi da har aka gane shi?"

Na ce, "Yana da ƙarfi, Alhaji."

Yaya ta shige ɗaki da gudu, ina jin ta tana tusa fuska a filo. Alhaji ya ce, "Surutu dai ba wuya. In na ji muryarki daga bisa ɗakin can kafin Asabar, magini ya sha zamansa. Amma na san ba za ki hau ba."

Ran Juma'a da safe taubashina ya iso a babur, Malam ya kira shi. Ya zo da wasu ƙarafa ya ɗaɗɗaure wa tsani.

"Ba don ke na yi ba," ya ce, "tsanin nake tausayi, marayan Allah."

"In na faɗo a kanka zan faɗo, 'ya'yanka su huta."

Ya daina wasa ya nuna mini abin da zan yi. In ɗaure duron tukuna kafin in kai hannu. In cika yatsa da giris in tura ƙarƙashin wani ɗan murfin roba, sama da ƙasa. Ya ce kada in hau da hijabi, in iska ta kaɗa shi gare ya kama, da ni da duro za mu yi ta juyi har Sallah. Na sa wandon Malam a ƙarƙashin zane, na yi ɗamara da mayafi, na rataya gwangwanin giris a wuya. Taubashina ya koma zaure, Malam ya riƙe tsani.

Na tsaya na cika ƙirji. "Za a hau bisa!"

Ashe muryata tana da nisa. Daga gidan mai shayi da ke bayanmu matarsa ta ce, "Wa zai hau?"

"Ni ce!"

"Ke da wa?"

Na yi sauran kira biyun ina jin dariya tana tashi gida gida. Na yi bisimilla na taka.

Matakala tara ce. Uku na farko lafiya lau, har na fara raina abin. A ta biyar tsani ya fara rawa. Na rungume shi na rufe ido na ce wa Malam ya yafe mini duk abin da na yi masa. Ya ce ya yafe, amma in ɗaga ƙafar dama. Yaya tana taga tana cewa, "Kada ki dubi ƙasa, 'yar nan, tana nan inda kika bar ta. Saura huɗu. Saura uku. Ai kin gama!" Ƙarya take, amma ta yi amfani. Da ciki na hau rufin, da rarrafe na isa gindin duro, na kama ƙafar ƙarfe na zauna ina haki.

Na jira iska ta lafa na cafke ɓari ɗaya, na zarga igiya. Na shafa giris yadda aka ce, har da ƙari. Na kwance, na ɗan tura shi da hannu, ya tafi sumul ba kuka. Sai a lokacin na ɗaga kai. Ga gero ya yi kore har gindin duwatsu, ga hasumiyar masallacin Juma'a da nake jin kiranta kullum, ashe fentinta kore ne. Na leƙa gidan Yaya. Alhaji yana zaune a tabarma da babbar riga da hula, carbi a hannu, kamar mai jiran baƙi daga Katsina. Bai ɗago ba.

"An hau?" ya ce.

"An hau, Alhaji."

"To a sauka lafiya."

Ya zaro waya zai kira magini ya ce an fasa, ya danna, ya sake dannawa. Kwana biyar ba ta ga caji ba. Ya miƙa wa Yaya ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta miƙa wa Malam ta taga.

Saukowa ce ba wanda ya gaya mini labarinta. Hawa kana ganin inda za ka sa ƙafa, sauka kuwa sai lalube. Na zauna a bakin rufi na ce ni nan zan ƙare rayuwata, a riƙa miƙo mini tuwo a guga. Sai da matar mai shayi ta zagayo, da ita da Yaya suna gaya mini dama, hagu, Malam yana kama diddigena yana ɗora shi a matakala. Da na taka ƙasa na zauna daɓas, na sha ruwa moɗa biyu.

Magini bai zo ba. Tun daga ranar aikin duro ya zama nawa, giris da igiya duka, Malam nasa riƙon tsani. Na saba har ba na rufe ido. Yana ƙorafi wai shi da yake yi, kafin a gama alwala ya sauko, ni kuwa sai in hau da la'asar sakaliya rana ta yi ja ina can. To daga bisa gida huɗu nake samu, kowace da abin da take son faɗa, ba zan yanke wa mutum magana ba. Jiya ma yana ƙasa yana cewa, "Ki sauko haka nan, hannuna ya sage." Na ce masa ya jingina da bango ya ɗan jira, matar mai shayi tana ba ni labari, ba ta kai inda surukarta ta ga kwanon ba.